Faifai uku, kiɗa ɗaya, sauti daban: masana'anta ce ko hannun injiniya?

Mai Tara Faifai ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da wata tambaya da ta daɗe tana cin raina, kuma ina fatan waɗanda suka riga ni shiga wannan harka za su warware mini ita. Akwai wani kundin kiɗan fiyano da ganga, wanda aka ɗauka a kan tef tun shekarun 1970, da na mallaki faifan CD ɗinsa har guda uku. Na farko an buga shi a Jamus ta Yamma a shekarun 1980, irin wanda azurfarsa ta kai har bakin ramin tsakiya. Na biyu bugun Japan ne na wannan zamanin. Na uku kuwa sabon bugu ne da ya fito bayan shekara ta 2000, an rubuta Remastered, wato an sake daidaita sautinsa, a jikin kwalinsa da manyan baƙaƙe.

Ranar da na fara sa sabon, na ce to, yau na ji kiɗan nan yadda ya kamata, domin ya fi ƙarfi, bes ɗinsa ya cika ɗaki, kuma kowane kayan kiɗa ya matso kusa. Amma kafin a kai waƙa ta huɗu sai na ga hannuna ya kai ga rage murya, alhali na Jamus, wanda sai na murɗa sosai kafin ya tashi, ina iya jin sa daga farko har ƙarshe ban gaji ba. Na Japan shi ne ya fi ɗaure mini kai: a na'urar kunna faifai yana fita daidai, amma da na kwafe shi zuwa kwamfuta sai ya zama siriri mai kaifi, kamar an zare masa nama an bar ƙashi.

Tun da ana cewa CD lambobi ne kawai, sifili da ɗaya, daga ina wannan bambanci yake fitowa? Shin da gaske wata masana'anta ta fi wata iya buga faifai mai daɗin sauti? Kuma ko ya dace in nemi bugun SHM-CD, wani nau'in CD na musamman da nake jin ana yabawa?

Kunnen Zomo ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Ni dai ra'ayina a fili yake, bugun Japan babu na biyunsa. Ka ɗaga faifan ka duba shi a gaban fitila, za ka ga ba shi da ƴan hujojin nan da ake samu a wasu tsofaffin bugu, kuma bugun rubutun jikinsa da takardun cikinsa duk sun fi tsafta. Wanda ya kula da kwali haka ba zai yi sakaci da abin da ke ciki ba. SHM-CD kuwa kamfanin JVC da Universal na Japan ne suka fito da shi wajen 2007, da roba mai haske irin wadda ake amfani da ita a allon talabijin, domin hasken leza ya ratsa ba tare da wahala ba. Ina da guda biyar, kuma duk sun fi tsofaffin da nake da su. Kunne ba ya ƙarya.

Tsohon Mai Gyaran Rediyo ya amsa:

Malam mai tambaya, kafin a yi nisa ya kamata a raba abubuwa biyu da mutane ke cakuɗawa, wato buga faifai da kuma daidaita sautin da za a buga. Bugawa aikin masana'anta ne: ana zana bayanan a kan gilashi da leza, a fitar da hatimin ƙarfe daga gare shi, a danna hatimin a jikin narkakkiyar roba, a shafa alminiyam, sannan a rufe da fenti mai kariya. Daidaitawa kuwa aikin mutum ne da ke zaune a gaban lasifika, wanda zai zaɓi tef ɗin da za a ɗauko, ya ƙara kauri ko ya rage kaifi, ya yanke shawarar yadda ƙarfin sautin zai kasance. Kusan duk bambancin da kunnenka ya kama daga wurin wannan mutumin ya fito.

Dalili shi ne ƙa'idar da Philips da Sony suka amince da ita a 1980 ba ta bar wa masana'anta wata ƙofar ƙara daɗi ba. Kowane faifai yana ɗauke da awon sauti sau 44,100 a daƙiƙa, kowane awo bit 16 (wato jerin sifili da ɗaya guda goma sha shida), a ɓangaren hagu da na dama. An kuma warwatsa bayanan tare da ƙarin lambobin gyara kuskure, ta yadda ko da ƙaramin karce ya shafe wani yanki, na'ura za ta lissafo ainihin abin da ya ɓace, ba kintace ba. Sai lahani ya yi yawa ƙwarai sannan take cike gurbi da kintace, ko ta yi tsalle, kuma wannan kowa yana jin sa a matsayin ƙas-ƙas ko yankewa. Faifai marar kyau ba ya rage bes, ba ya kuma ƙuntata faɗin sauti.

Abin da ya same ka da sabon bugun sananne ne. CD yana da rufin da sauti ba ya iya wucewa, kuma tazarar da ke tsakanin wannan rufi da ƙasa ta kai kimanin desibel 96 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Injiniyoyin shekarun 1980 sukan bar bugun ganga mafi ƙarfi shi kaɗai ya kusanci rufin, sauran kiɗan ya zauna can ƙasa, shi ya sa tsohon faifai yake neman a murɗa masa murya. Daga tsakiyar shekarun 1990 aka shiga gasar wa ya fi ƙara, inda ake danne ƙololuwar kowane bugu domin a samu damar ɗaga sauran gaba ɗaya. Sakamakon haka wurin da mai fiyano ya taɓa a hankali da wurin da mai ganga ya sake hannu sai su zama kusan tsayi ɗaya, kunne kuma ya rasa inda zai huta. Ga shi kuma halittar kunnen ɗan Adam ce, idan aka ƙara murya ko da kaɗan, ya ji kamar bes da kaifi sun ƙaru, abin da Fletcher da Munson suka auna tun 1933. Saboda haka duk gwajin da aka yi ba a daidaita ƙarfin faifan biyu ba, mai ƙarar ne zai ci, ko da shi ne mafi muni.

Shawarata ita ce ka kwafi duka ukun da manhajar Exact Audio Copy, ka bar ta ta gwada sakamakon da rumbun AccurateRip, inda ake adana sakamakon kwafin da wasu suka yi, domin ka tabbata kwafin ya fita daidai. Sannan ka buɗe waƙa ɗaya daga faifai biyu a manhajar gyaran sauti ta Audacity, ka jera su su fara a wuri guda (sau da yawa wani bugu yakan gota wani da ɗan ƙanƙanin lokaci), ka kifar da ɗaya, wato ka juya zanen sautinsa sama ya koma ƙasa, ka haɗa su. Idan shiru ya biyo baya, to abu ɗaya ne a riga biyu. Idan wani abu ya rage, abin da ya rage ɗin shi ne bambancin, kuma za ka iya sauraronsa shi kaɗai.

Game da SHM-CD, ɗan'uwa Kunnen Zomo, ban musa cewa naka sun fi tsofaffin daɗi ba. Sai dai yawancin irin waɗannan bugu suna zuwa ne da sabuwar daidaitawa, don haka ba a san ko robar ake yabo ko injiniyan ba. Haka batun yake ga faifan zinariya da ƴan kamfanin Mobile Fidelity suka fara fitarwa a 1987: zinariya ba ta tsatsa, wannan gaskiya ne, amma sunan da suka yi ya samo asali ne daga neman tef na asali da suke yi da kuma taka-tsantsan wajen ɗaukarsa.

Mai Adana Tsofaffin Sautuka ta amsa:

Na yarda da mafi yawan abin da Baba ya faɗa, amma an bar batun faifan Japan a baya, kuma ina kyautata zaton na san ciwonsa. A farkon zamanin CD, musamman a faifan da aka buga a Japan, akwai dabarar da ake yi ta ɗaga siraran sautuka tun kafin a buga, har kusan desibel 10 a can ƙarshen sama, sannan a sa wata alama a cikin faifan da ke gaya wa na'ura ta mayar da su daidai lokacin kunnawa. Manufar ita ce a rage hucin da na'urorin wancan lokaci ke haifarwa. Na'urar kunna faifai tana ganin alamar ta yi aikinta shiru, amma fayil ɗin da aka kwafa zuwa kwamfuta ba ya tafiya da ita, sai kaifin ya fito tsirara. Wani abin haushi kuma, a wasu faifan alamar ba ta cikin jadawalin farko, tana ɓoye ne a cikin bayanan da ke tafiya tare da kowace waƙa, don haka manhajar da ta duba jadawali kawai za ta ce babu komai. Ka nemi matatar da ke sauke wannan ɗagawa, akwai ta a manhajar SoX da kuma cikin ƙarin kayan manhajar foobar2000.

Inda nake so in ja da Baba kaɗan shi ne kada mai karatu ya tashi da zaton cewa tsohon bugu kullum shi ne gwani. Lokacin da CD ya shiga kasuwa a Japan a watan Oktoba na 1982, ya kuma isa Turai da Amurka a 1983, kamfanoni sun yi ta rige-rigen fitar da tsofaffin kundayensu, kuma ba kowane lokaci aka tsaya neman uwar tef ba. Wani lokaci kwafin kwafi aka ɗauko, wani lokaci kuma tef ɗin da aka riga aka gyara domin yanka faifan garmaho, wanda aka rage wa bes saboda kada allura ta yi tsalle. Na sha jin sabon bugu da ya fi tsoho nesa ba kusa ba, don kawai an gano tef na gaskiya an kuma saita kan na'urar da kyau. Akasin haka ma yana faruwa: a ƙarshen shekarun 1980 aka fara amfani da kwamfuta wajen share hucin tef, kuma inda aka cika hannu sai a share har da amsa-kuwwar ɗakin da jelar sautin fiyano, kiɗan ya zama kamar an yi shi a cikin akwati.

Akwai kuma abu na uku da ya wuce daidaitawa, wato sake haɗa kiɗan daga tushe. Misalin da aka fi sani shi ne na ƙungiyar mawaƙan Beatles: faifan Help! da Rubber Soul da suka fito a 1987 ba haɗin 1965 ba ne, furodusansu George Martin ne ya sake haɗa su domin CD. Wanda ya gwada irin wannan da wani bugu yana zaton masana'anta yake aunawa, alhali aiki biyu ne mabambanta.

Kwali kuma ba abin dogaro ba ne wajen gane bugu. Ka juya faifan ka karanta ƙananan lambobin da ke zagaye da ramin tsakiya. Idan ka ga IFPI tare da wasu baƙaƙe, to bai girmi 1994 ba, ko da kwalin yana ɗauke da shekarar 1985.

Kunnen Zomo ya sake cewa:

Na ji bayaninku, Baba da Malama, amma har yanzu akwai saura. Ko da lambobin ɗaya ne, idan ramukan faifai ba su fita da kyau ba, ai injin zai wahala wajen bin layi, kuma lokacin fitar kowane awo zai riƙa rawa. Wannan ba zai taɓa sauti ba?

Tsohon Mai Gyaran Rediyo ya amsa:

Tambayar tana da tushe, ɗana. Sai dai abin da leza ta karanto ba ya zarcewa kai tsaye zuwa lasifika, yana taruwa ne a wata ƴar ma'ajiya, daga nan agogon kiristal ya riƙa fitar da shi a kan ƙa'ida, kuma saurin juyawar faifan ne ke bin agogon, ba agogon ke bin faifan ba. A na'urar da aka ƙera da arha, mai yiwuwa wahalar injin ta ja wuta har ta taɓa ɓangaren sauti, amma wannan laifin na'ura ne. Da zarar an kwafi faifan biyu zuwa kwamfuta aka ga lambobinsu sun zo ɗaya, maganar ta ƙare. Inda ingancin masana'anta yake da tasiri na gaske shi ne tsawon rai, kamar faifan da wata masana'anta a Blackburn ta Ingila ta buga tsakanin 1988 da 1993, waɗanda da yawansu suka rine zuwa launin tagulla daga gefe saboda fentin kariyarsu bai jure sinadarin da ke cikin takardun kwalin ba, har waƙoƙin ƙarshe suka daina karantuwa.

Mai Tara Faifai ya dawo:

Allah ya saka muku da alheri, na kwashe daren jiya ina wannan aiki. Malama, hasashenki ya tabbata: alamar tana cikin faifan Japan, kuma da na bi da fayil ɗin ta matatar sai naman ya dawo jikin ƙashi. Duk da haka bai zama ɗaya da na Jamus ba, domin da na kifar da ɗaya na haɗa su akwai abin da ya rage, kuma tsawon waƙoƙin ya ɗan saɓa, alamar kowanne daga nasa tef aka ɗauko shi.

Na kuma aro bugu na huɗu daga wurin wani abokina, mai lambar IFPI da wani kwali daban, wanda ya sha rantse mini cewa ya fi nawa na Jamus taushi. Da na jera su na kifar da ɗaya na haɗa, layin da ke nuna sauti ya miƙe sambal, ko motsi babu daga farkon waƙa har ƙarshenta. Ban gaya masa ba tukuna.

Sabon bugun kuwa, sai da na rage shi da kusan desibel 6 kafin ya yi daidai da na Jamus a ƙarfi, kuma a nan gangar ta koma kamar ana dukan katifa. Amma dole in faɗi gaskiya, fiyanonsa ya fi tsayuwa, babu ɗan rangajin nan da sautin ke yi a ƙarshen waƙa ta biyu a tsofaffin bugun, wanda da na ɗauka haka aka kaɗa shi. Da alama sun samu tef mafi kyau sannan suka danne shi. Malam Kunnen Zomo, idan cikin biyar ɗin nan naka akwai wanda kake da tsohon bugunsa, ka kwafe su ka turo mana tsawon kowace waƙa da ƙololuwar ƙarfinta yadda manhajar ta nuna, mu ga ko daidaitawarsu ɗaya ce.