"Annabi ba ya rasa daraja sai a garinsu" da "Ido wa ka raina" ɗaya suke?

Ɗan Autan Gida: Salama ga kowa. Ran Asabar muna zaman iyali kan rabon gona, kawuna ya kawo shawara aka ƙi ɗauka. Sai ya miƙe, ya kaɗe riga, ya ce "Ai dama annabi ba ya rasa daraja sai a garinsu," ya fice. Ni dai na san maganar Yesu ce, tana Markus 6:4. Amma haka ake amfani da ita? Kuma ba ita ce tamu ta "Ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe" ba?

Malamin Firamare: Ita ce, tufafi kawai ta sake. Koma aya ta 3 ka ji abin da mutanen Nazarat, garin su Yesu, suka ce: ashe wannan ba masassaƙin nan ba ne, ɗan Maryamu, ɗan'uwan su Yakubu da Yusufu da Yahuza da Saminu? Sun san gidansu, ƙila ma akwai wanda ya taɓa kai masa ƙofa gyara. Wanda ka ga yana rarrafe, da wuya ka zauna a ƙasa ya koya maka. Rainin sabo ne, ba wani abu ba.

Mama Zumunta: Malam, ka yi haƙuri, ban yarda duka ba. Ka karanta yadda Luka ya kawo labarin a sura 4. Da Yesu ya gama karatun littafin Ishaya a majami'a, yabonsa suka yi ta yi. Ransu bai ɓaci ba sai da ya tuna musu cewa a zamanin Iliya, da aka yi fari shekara 3 da wata 6, gwauraye sun cika Isra'ila amma wurin wata mace a Zarefat ta ƙasar Sidon aka aike shi. Ya ƙara da Na'aman mutumin Suriya, kuturun da ya warke a hannun Elisha. Nan ne fa suka ja shi bakin dutse za su tunkuɗa shi. Raini yana sa a yi maka tsaki a wuce. Bai kai a nemi ranka ba.

Malamin Firamare: To Mama, Annabi Irmiya fa? Mutanen Anatot, garinsu, su ne suka ce ya daina annabci ko ya mutu a hannunsu. Sura 12 ma ta ce har 'yan gidan ubansa sun ci amanarsa.

Baba Dattijo: 'Ya'yana, bari in sa baki. Irmiyan da ka kawo, Malam, ya tsaya maka da ƙafa ɗaya ne. Fashur firist da ya sa aka doke shi aka sa shi a turu, a Urushalima yake. Fadawan Sarki Zadakiya da suka zura shi rijiyar Malkiya, wadda ba ruwa sai laka, har ya nutse a ciki, ba sanin yarintarsa ne ya dame su ba. Cewa ya yi birnin zai faɗa hannun Babila, su kuwa suka ce yana kashe wa mayaƙa gwiwa. Wanda ya fito da shi baƙo ne, Ebed-melek mutumin Kush. Wurin nan yana taɓa ni duk sanda na karanta: sai da ya nemo tsummoki ya zura masa, ya ce ya sa a hammata don kada igiya ta ji masa ciwo.

Ga kuma Amos. Makiyayi ne daga Tekowa ta Yahuza, ya je Betel a arewa. Amaziya firist ya ce masa ya tattara ya koma ƙasarsu, can ya ci abincinsa, can ya yi annabcinsa. Shi baƙuntarsa aka kama aka kore shi da ita. Na gida an ce mun san ka, baƙo an ce ba mu san ka ba. In karin magana kuke nema, "gaskiya ɗaci gare ta" ta fi kusa.

Mama Zumunta: Madalla Baba. Sarki Ahab ma bai ɓoye ba. Annabawa wajen 400 sun ce masa ya tafi yaƙi zai ci nasara, amma ya ce ya tsani Annabi Mikaiya ɗan Imla don bai taɓa yi masa annabcin alheri ba. A ƙarshe kurkuku aka kai Mikaiya.

Malamin Firamare: Na ji, amma ban sauka gaba ɗaya ba. Yunusa baƙo ne a Nineba, saƙonsa kuma ba zuma ba ne, kwana 40 ya ba su. Suka tuba tun daga sarki har talaka. Da ɗan unguwarsu ne, kuna ganin za su saurara? Kuma Yesu da bakinsa ya ambaci gari da dangi da gida. Bai faɗi hakan a banza ba.

Ɗan Autan Gida: To kawuna fa, ya yi daidai ko a'a?

Baba Dattijo: Ɗana, me ya faɗa a zaman?

Ɗan Autan Gida: Cewa ya yi a bar masa ɓangaren fadama, tunda shi ne babba.

Mama Zumunta: Kai! Ashe annabcin na fadama ne. Ka gaishe shi, ka ce masa Irmiya da zai sayi gona a Anatot, shekel 17 na azurfa ya auna ya biya ɗan'uwansa, a gaban shaidu.