Kwana Casa'in Ba Kwalba

Ɗan Kurna:
Salamu alaikum 'yan zaure. Yau kwana 90 rabona da shan maganin tari mai kodin. Mai amsawa ya riƙe amsa-amon "ba".

Kwana casa'in yau na ƙirga,
Bakina bai taɓa kwalba ba.
Makon farko zufa da hamma,
Ciwon gaɓoɓi bai bar ni ba.
'Yan majalisa suna ta kira,
Na ga lambar, ban ɗaga ba.

Inna Mai Ƙosai:
Barka ɗana, Allah ya ƙara,
Amma tukuna ba ka tsira ba.
Nawa sai da ya yi wata shida,
Bikin aboki bai bar shi ba.
Kwalba guda wai ta taya murna,
Har yau bai dawo daidai ba.
Na kai shi gidan mari da kuka,
Ban san zan yi nadama ba.
Sarƙa ta riƙe masa ƙafafu,
Ba ta riƙe masa zuciya ba.

Malam Na Soro:
Haba Inna, kar ki sare masa gwiwa,
Yaro bai zo da wasa ba.
Giya ma da Allah ya haramta,
Bai yanke ta rana guda ba.
An fara hana salla cikin maye,
Lokacin Ma'ida ba ta sauka ba.

Sista Mai Allura:
Ni ba mawaƙiya ba ce, a yi min uzuri. A watan Mayun 2018 gwamnatin Najeriya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan binciken BBC. Ga abin da muke gani a wurin aiki:

Doka ta rufe ƙofar kanti,
Ƙishirwar ba ta ji doka ba.
Wanda ya rasa ya koma taramol,
Bai san rami ya sauya ba.
Ƙanena, jikinka ya manta shan da,
Ba zai ɗauki tsohon awo ba.
In ka zame ka sha kamar jiya,
Numfashi ba zai jira ka ba.
In ta taso maka, nemi likita,
Wannan ba abin kunya ne ba.

Ɗan Kurna:
Na ji Sista, na gode Malam,
Inna, ban ji haushinki ba.
Na koma shagon ɗinki,
Maigida bai kore ni ba.
Keke na ci har bayan isha'i,
Hannu bai sami sarari ba.

Inna, in ɗanki ya yarda ki turo min shi shago ranar Asabar. Akwai keke ɗaya da ba mai hawa.