Difirag na faifan kwamfuta da tayar da ita daga faifan waje

Danladi_ICT:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Laftof ce HP mai Windows 10 da HDD na 1TB, ta yi nauyi sosai. Tambayata biyu ce: in aka kwafe faifan ciki gaba ɗaya zuwa faifan waje na USB, kwamfutar za ta iya tashi daga kansa in na ciki ya mutu? Kuma wanne ya kamata a fara yi, kwafin ko difirag (wato harhaɗa gutsattsarin fayilolin da suka warwatse a faifai)?

Injiniya_Sabo:
Wa alaikumus salam, Malam Danladi. Kwafi ne farko, babu shakka. Difirag yana sa allurar faifai ta yi ta karantawa da rubutawa na sa'o'i, in faifan dama ya fara gajiya, wannan aikin ne zai ƙarasa shi. Kafin komai ka buɗe manhajar CrystalDiskInfo ka duba lafiyarsa. In ya nuna Caution da launin rawaya, musamman a layin Reallocated Sectors Count ko Current Pending Sector Count, to nauyin ba na warwatsewar fayiloli ba ne, faifan ne ke lalacewa. Kwashe kayanka kawai, ka bar maganar difirag.

In lafiyarsa ƙalau, ka gudanar da umarnin chkdsk C: /f mai gyara kurakuran faifai, ka tabbata akwai aƙalla kashi 15 cikin 100 na faifan a sarari, domin shirin difirag na bukatar wurin da zai jujjuya gutsattsarin. Sannan ka buɗe Defragment and Optimize Drives, ka danna Analyze, sai Optimize. A jona caja, kuma batirin ya zama mai riƙe wuta saboda ɗaukewar lantarki. Windows 10 ma kan yi wannan da kansa duk mako, don haka kada ka sa ran babban canji.

Hajiya_Maryam_Tech:
Malam, kan tambayarka ta farko: yawanci ba za ta tashi ba. Windows da aka girka a faifan ciki ba ya loda direbobin USB da wuri lokacin tashi, shi ya sa kwafin da aka jona ta USB kan tsaya da shuɗin allo mai rubutun INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Masu Mac ne suka saba da haka, da Carbon Copy Cloner ko SuperDuper, suna riƙe maɓallin Option lokacin tashi a Mac masu Intel. A Windows an taɓa samun Windows To Go, mai tayar da Windows daga faifan USB, amma Microsoft ta cire shi tun daga sigar 2004 ta Windows 10. Manhajar Rufus na iya haɗa irinsa, sai dai sabon Windows ne zai ba ka, ba naka mai ɗauke da manhajojinka ba.

Abin da ke aiki shi ne ka ɗauki hoton faifan duka a faifan waje, ta Create a system image da ke cikin Backup and Restore. Sai ka haɗa Recovery Drive, wato filashin ceto, a filash mai 16GB ko sama. Ran da faifan ciki ya mutu, ka sa sabo, ka tayar da kwamfutar daga filash ɗin, ka mayar da hoton. A HP maɓallin F9 ne ke kawo jerin wuraren tashi, a Dell kuwa F12. Ka gwada filash ɗin tun yanzu, kar ka jira ranar bukata.

Injiniya_Sabo:
Gaskiya ne, Hajiya. In kuma kwafin kai tsaye aka yi, matuƙar faifan wajen mai kan SATA ne, ana iya ciro shi daga akwatinsa a sa shi a mazaunin SATA na ciki, a nan zai tashi. Sharaɗi dai tsarin rabon faifan ya dace da yanayin tashin kwamfutar: GPT da UEFI, MBR da Legacy. In an kunna BitLocker, makullin faifai na Windows, a rubuta lambar ceto mai lambobi 48 a takarda tun kafin a taɓa komai. In kuma sabon da za a sa SSD ne, wato faifai marar allura, ba a yi masa difirag da hannu, Windows na aika masa umarnin TRIM da kansa, wanda ke sanar da shi wuraren da aka goge.