Yadda za a sanya midilwaya a gaban rizolba a sabar GraphQL

Tambaya

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina kula da wata sabar GraphQL da aka gina da graphql-js, kuma kusan kowane rizolba (aikin da ke samo bayanin da aka nema a wani fili na buƙata) a cikinta yana farawa da layuka iri ɗaya: a duba ko mai buƙatar ya shiga da asusunsa, a rubuta lokacin da aikin ya ɗauka, sannan a kama kuskure idan ya auku. Ina so in rubuta waɗannan sau ɗaya, su riƙa gudana kafin a warware kowane fili da kuma bayan an warware shi, kamar yadda midilwaya (aikin da ke shiga tsakanin buƙata da amsarta) take yi a Express, tsarin gina saba na Node.js. Akwai hanyar da aka saba bi, ko sai na naɗe kowane rizolba da hannu?

Amsa ta farko

Wa'alaikumus salam, Malam. Midilwayar Express ba za ta wadatar ba, domin dukkan buƙatu ta adireshi ɗaya suke shigowa, galibi /graphql, saboda haka dunƙulalliyar buƙata take gani, ba ta san filayen da ke cikinta ba. Abin da ake yi shi ne a bi sikimar, wato tsarin da ke ayyana nau'o'i da filayensu, fili bayan fili, misali da mapSchema na graphql-tools, a maye gurbin kowane resolve da wani aiki da zai karɓi abubuwa huɗun nan, wato parent, args, context da info, ya yi nasa binciken, sannan ya kira na asali. Inda fili ba shi da nasa rizolba, sai a kira defaultFieldResolver. Sunan filin yana cikin info.fieldName, nau'in da ke ɗauke da filin kuma a info.parentType. Idan ba ka son rubuta wannan da kanka, graphql-middleware yana yin sa ta hanyar applyMiddleware.

Amsa ta biyu

Bayanin da ya gabata daidai ne, amma a yi hattara da naɗe kowane fili ba tare da tantancewa ba. Idan buƙata ta dawo da jerin abubuwa 200, kowanne da filaye 15, midilwayarka za ta gudana sau 3,000, alhali yawancinsu karanta suna ko lamba ne kawai daga abin da ya riga ya iso. Idan kuma ka rubuta ta da async, kowane ƙaramin fili zai koma Promise, wato sakamakon da sai an jira shi, sabar ta yi nauyi ba gaira ba dalili. Ni a ganina, a naɗe filayen da suke da nasu rizolba kaɗai. Game da auna lokaci, idan Apollo Server kake amfani da shi, willResolveField ya fi dacewa, tunda aikinsa lura ne kawai. Sai dai inda ake amfani da DataLoader, wanda ke haɗa kira da yawa su zama ɗaya, alƙaluman suna iya ruɗarwa, domin filaye da yawa jiran kira ɗaya suke yi zuwa rumbun bayanai, kowannensu sai ya nuna kamar shi ne mai jinkirin.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai. To batun izini fa, in bar shi a midilwayar?

Amsa ta uku

A nan ne zan ja hankalinka, Malam. Tantance ko wane ne mai buƙatar ana yin sa sau ɗaya tun kafin a fara warware filaye, a ajiye sakamakon a context. Amma hukuncin wanda zai ga wane bayani bai kamata ya rataya a kan fili kaɗai ba, saboda ana iya isa ga bayani ɗaya ta hanyoyi da dama: ka tsare filin user a Query, wani ya iso ga mutumin ta filin author na wani rubutu. Shi ya sa jagorar GraphQL ta hukuma take ba da shawarar a ajiye izini a sashen da ke ɗauke da ƙa'idojin manhajar, wanda kowane rizolba yake kira. Idan duk da haka ka hana wani fili daga midilwaya, ka duba ko an ayyana shi a matsayin wanda ba ya karɓar null, domin kuskure a irin wannan fili yana hawa sama har ya mayar da uwar filin null, kuma idan uwar tana cikin jerin da abubuwan cikinsa ma ba sa karɓar null, dukkan jerin ne zai ɓace wa mai buƙatar.