Lupus da ciwon zuciya, wai gado ne ya haɗa su?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu sani a taimaka. Yayata shekararta 36 aka ce tana da lupus, wato ciwon da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin mutum, mu dai ciwon gaɓoɓi da ƙurajen fuska da zubewar gashi muka sani, sai ga likita ya tura ta awon zuciya da kwalastarol wai dole a riƙa bibiya. To mahaifiyarmu bugun zuciya ne ajalinta shi ya sa hankalina ya tashi, abin a jini yake ne? Ni ma fa 'ya'yana biyu duk mata ne.

Ɗan Lab:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya jiƙan Mama ya ba Yaya lafiya. Likitan nan ya san aikinsa. Tun 1976 likitoci a Toronto suka lura masu lupus da suka daɗe da ita ba ita ke kashe su kai tsaye ba, toshewar jijiyoyin zuciya ce, sannan a 1997 wani bincike a Pittsburgh ta Amurka ya nuna mata 'yan 35 zuwa 44 masu lupus haɗarin bugun zuciyarsu ya ninka na sa'o'insu sama da sau 50. Kar adadin ya razana ki, ninkin ya yi yawa ne saboda mace mai waɗannan shekarun da wuya dama ta samu bugun zuciya.

Maganar gado kuwa akwai ta amma ba irin ta sikila ba ce da za a ce AS da AS. Ƙwayoyin gado sama da 100 ne ke da hannu kowacce da ɗan nata, shi ya sa ko tagwaye masu kama ɗaya in ɗaya ta kamu galibi ɗayar ba ta kamuwa. A Suwidin an gano wani nau'in ƙwayar gado mai suna STAT4 ya fi yawa a masu lupus da suka samu shanyewar ɓarin jiki, na wata ƙwayar mai suna IRF8 kuma a masu ciwon jijiyoyin zuciya, kuma dukkansu suna da alaƙa da sinadarin garkuwar jiki mai suna interferon wanda in ya yi yawa yake ta cin bangon jijiya ta ciki a hankali.

Anti Balki:
Ƙanwata ni mai lupus ce, ki bar batun ƙwayoyin gadon nan don ba a awonsu a kilinik. Ki tambaya an yi mata gwajin antiphospholipid? Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu lupus suna da shi, shi ke daskarar da jini ya jawo ɓari a kai a kai, kuma sau biyu ake yin gwajin da tazarar sati 12. In yana nan kar ta kuskura ta sha ƙwayar tazarar haihuwa mai estrogen. Cikin magungunan lupus kuma, prednisolone yana tada hawan jini da suga, amma ba a yanke shi lokaci ɗaya, likita ne zai rage. Hydroxychloroquine ko ta ji garau kar ta ajiye, sai dai ta riƙa zuwa awon ido.

Ɗan Lab:
Gaskiya ne Anti. Abin da ya fi shafarmu mu 'yan Afirka ta Yamma shi ne ƙwayar gadon APOL1, nau'in da ke kare mutum daga wani irin ciwon barci na ƙudan tsando, amma wanda ya gaji biyu, daga uwa da uba, in lupus ta taɓa ƙodarsa ta fi saurin lalacewa, ƙoda kuma in ta gaza zuciya ce ke shan wahala. Don haka awon fitsari da BP kar a yi wasa da su.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To yaran nawa a kai su gwajin ANA, wato gwajin jinin da ake yi in ana zargin lupus, tun yanzu ne?

Anti Balki:
A'a in dai ba su da wata alama, masu lafiya da yawa ANA ɗinsu na fitowa fozitif sai ki sayi fargaba da kuɗinki. Ke dai ki je a auna miki BP da suga tunda Mama ta yi ciwon zuciya.