Tukwicin ma'aikatan jirgin ruwa na yawon shaƙatawa: a bar shi a lissafi ko a miƙa da hannu?

Maman Ikilima ta rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar jiragen ruwa na yawon shaƙatawa. Ni da maigidana da yaranmu biyu za mu shiga wani jirgi da zai tashi daga Basalona a ƙasar Sifaniya, ya yada zango a wasu tashoshin Faransa da Italiya da tsibirin Malta, sannan ya komo inda ya taso. Mun riga mun biya kuɗin tikiti, sai kuma na ga a cikin takardun da aka aiko mana cewa za a riƙa ɗora mana wani kuɗin hidima, yuro 12 a kowane dare a kan kowane babba, yara kuma rabin haka. Wanda ya sayar mana da tikitin ya ce tukwicin ma'aikata ne, kuma wai idan ba ma so muna iya zuwa a cire mana shi bayan mun shiga.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda za a yanka wa mutum abin da zai bayar tun bai ga aikin da za a yi masa ba. Shin ya fi kyau in bar kuɗin nan yadda yake, ko in sa a cire shi in raba da hannuna ga waɗanda na ga sun yi mana ɗawainiya? Idan kuma na bar shi, akwai sauran wanda ya kamata in ba wani abu? Na kuma yi niyyar tafiya da kilishi da turare don in raba musu, ko hakan ya dace?

Baban Sadiku ya amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya. Shawarata ita ce ki bar kuɗin nan a inda yake.

A da, a daren ƙarshe na tafiya ake ajiye wa fasinja ambulan a ɗakinsa, ya zuba kuɗi ya miƙa wa mai gyaran ɗaki, da mai kawo masa abinci, da mataimakinsa, da shugaban masu hidimar tebur. Wannan tsari ya yi daidai da zamanin da kowane fasinja yake da teburinsa guda da ma'aikacinsa guda tun daga ranar shiga har ranar sauka. Da jiragen suka ƙara girma, wuraren cin abinci suka yawaita a cikinsu, mutum ya ci a nan yau gobe ya ci a can, sai kamfanonin suka koma ɗora kuɗin kai tsaye a kan asusun fasinja, su tara shi wuri guda su raba wa ma'aikatan ɓangaren ɗakuna da na abinci.

Yuro 12 da aka yanka muku bai kai abin da ake biya a jiragen da ke tashi daga Amurka ba. A shekarar 2023 kamfanin Carnival yana karɓar dala 16 a kowace rana a kan kowane mutum, Norwegian yana karɓar dala 20, Royal Caribbean kuma ya kai nasa dala 18 a ƙarshen shekarar, ban da masu manyan ɗakuna na alfarma da ke biyan fiye da haka. Iyali mai mutum huɗu da zai kwana bakwai a kan dala 16 zai biya dala 448 ke nan, kuma wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne ga wanda bai sa shi a lissafinsa ba tun daga gida.

Akwai wani kuɗin kuma da ya kamata ki sani. A jirage da yawa, abin sha da aka saya a cikin jirgi ana ƙara masa kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, gwargwadon kamfani, kuma wannan bai tsaya ga masu shan giya ba, ya haɗa da lemo da kofi da ruwan gora. Haka ma wurin aski da gyaran gashi. Sau da yawa rasit ɗin yakan zo da wani layi da aka bari fili don ƙarin tukwici, mutum ya rubuta wani abu a kai alhali an riga an cire masa a sama. Ki riƙa dubawa kafin ki sa hannu.

Game da cirewa, ya danganta da kamfanin da kuma ƙasar da aka sayi tikitin. Wasu suna bari a rage ko a cire a teburin karɓar baƙi kafin safiyar sauka, wasu kuma, musamman a Turai, sun ɗauke shi wani ɓangare na farashi wanda ba a taɓawa. Ki karanta sharuɗɗan da ke cikin takardunku, kada ki dogara da maganar baki.

Ɗan Teku ya amsa:

Hajiya, ni a jiragen dakon kaya nake aiki, ba na fasinja ba, amma dokar da ke kanmu ɗaya ce da ta ma'aikatan da kike magana a kansu, don haka bari in faɗa miki yadda rayuwarsu take.

Yawancin waɗanda za su yi muku hidima 'yan ƙasashen Filifin ne da Indunusiya da Indiya. Sukan sa hannu a kwantiragin wata shida zuwa tara, kuma a tsawon wannan lokaci galibinsu ba su da ranar hutu cikakkiya, sai dai 'yan awoyi tsakanin aiki da aiki. Yarjejeniyar ƙwadago ta ma'aikatan teku, wadda Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da ita a 2006 kuma ta fara aiki a watan Agustan 2013, ta ce dole a ba ma'aikaci hutun awa 10 a cikin kowace awa 24, da awa 77 a cikin mako. Mako kuwa awa 168 ne, wato doka ta yarda mutum ya yi aikin awa 91 a mako ba tare da an karya komai ba. Jiragen nan kuma akasari suna ɗauke ne da tutar Bahamas ko Panama ko Malta ko Bamuda, saboda haka mafi ƙarancin albashin Amurka ko na Italiya bai shafi ma'aikatansu ba. Mafi ƙarancin albashin da aka tsayar wa ƙwararren ma'aikacin jirgin ruwa a matakin duniya ya kasance dala 673 a wata a shekarar 2025. Ɗan Filifin kuma kwantiraginsa ya wajabta masa aika aƙalla kashi 80 cikin ɗari na tushen albashinsa gida ga iyalinsa. Idan aka haɗa waɗannan za a gane cewa kuɗin hidimar nan shi ne ginshiƙin abin da mai gyaran ɗaki ko mai kawo abinci yake samu a ƙarshen wata, ba wani ƙari da ake yi masa don jin daɗi ba.

Dalilina na biyu na hana ki cirewa shi ne yawan waɗanda ba za ki taɓa gani ba. Jirgin Icon of the Seas da ya fara aiki a 2024 yana da ma'aikata wajen 2,350, amma fasinja da wuya ya san sunan biyar daga cikinsu kafin ya sauka. Kamar gidan biki ne: kowa yana ganin mai rabon abinci yana sa masa albarka, masu wanke tukwane a bayan gida kuwa ba wanda ya san da su. A can ƙasan jirgi, inda babu taga, akwai masu wanki da guga da ke juya dubban zannuwan gado da tawul, akwai masu wanke kwanuka, akwai masu goge matakala cikin dare. A kamfanoni da yawa irin waɗannan suna da rabo a cikin kuɗin da ake tarawa. Idan kika cire kika miƙa wa mutum uku da kika saba da fuskarsu, kin kyautata wa ukun, amma da haƙƙin sauran kika yi.

Abu ɗaya da fasinjoji ke rainawa kuma ma'aikata ke ɗaukarsa da muhimmanci ƙwarai shi ne takardar jin ra'ayi da kamfani ke aikowa ta imel bayan an sauka. Duk ma'aikaci yana da suna da ƙasarsa a rubuce a ƙirjinsa. Ki rubuta sunan wanda ya kyautata muku da wurin da yake aiki, ki ambace shi a takardar tare da abin da ya yi. Shugabanninsu suna karantawa, kuma yana shiga cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma da sabunta kwantiragi.

Malam Mai Lissafi ya amsa:

Ban musa ko ɗaya daga abin da Ɗan Teku ya faɗa ba, amma ina ganin akwai ɓangaren da bai kamata a rufe ba. Idan har kuɗin nan shi ne ginshiƙin albashin ma'aikaci, to nauyin kamfani ne ya biya shi, ya sa shi cikin farashin tikiti kowa ya gani. Abin da ake yi yanzu shi ne a tallata tikiti da araha, mutum ya saya, sannan a bi shi da ƙarin kuɗi a ce masa kyauta ce, a kuma bar shi da jin kunya idan ya tambaya. Fasinja ba shi da hanyar bin diddigin yadda aka raba abin da ya biya, sai dai ya yarda da abin da aka gaya masa.

Kuma ba wai abin ba zai yiwu ba ne. Kamfanin P&O na Birtaniya ya daina karɓar wannan kuɗi daga fasinjoji a 2019. Kamfanonin alfarma irin su Regent Seven Seas da Silversea da Seabourn sun daɗe da sanya shi cikin farashi. A Ostiraliya ma, inda mutane ba su saba da al'adar tukwici ba, manyan kamfanoni sukan haɗa shi da kuɗin tikiti ga jiragen da ke tashi daga can. Wannan ya nuna cewa zaɓi ne na kasuwanci.

Duk da haka ni ma biya nake yi, domin idan na cire, kamfani ba ya jin komai, wanda ke wanke kwano ne zai ji. Inda nake faɗin rashin jin daɗina shi ne a waccan takardar jin ra'ayin, kuma idan zan kwatanta farashin jirage biyu sai na haɗa kuɗin hidima tukuna. Idan ma'aikaci ya yi sakaci, a faɗa wa shugabansa tun a ranar don a gyara, kada a yi shiru sai ranar ƙarshe a huce a kan kuɗin kowa.

Hajiya Uwar Tagwaye ta amsa:

'Yar'uwa, maganar kilishi ki bar ta tun daga gida. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko madara da abin da aka yi da su daga ƙasashen da ba na cikinta ba, don haka a filin jirgin sama za a ƙwace, wataƙila har da tara. Turaren ma ban ba ki shawara ba. Ma'aikatan nan biyu-biyu suke kwana a ɗaki ƙarami mai gado sama da ƙasa, ba su da wurin ajiye tarkace, kuma duk abin da aka ba su sai sun ɗauke shi a akwati zuwa ƙasarsu. Kuɗi a hannu ya fi musu komai, domin da shi suke sayen intanet su yi magana da 'ya'yansu, ko su haɗa su aika gida.

Ki tanadi ƙananan takardun yuro ko dala, na biyar-biyar da na goma-goma. Naira ba za ta amfane su ba. Waɗanda na ga ya dace a ƙara wa wani abu bayan kuɗin da aka ɗora su ne mai gyaran ɗaki, musamman tunda kina da yara, da mai kawo abincin dare idan shi ɗaya ne ke kula da ku kullum, da wanda ya kawo abinci har ɗaki, sai kuma masu kula da yara a wurin wasansu idan yaranki sun daɗe a hannunsu. Kyaftin da hafsoshin jirgi ba a ba su, albashinsu daban ne.

Idan kin nemi abincin halal ko wanda babu naman alade, ki lura da wanda yake kai da komo tsakaninki da kicin don ya tabbatar miki, shi ne ya fi cancanta a tuna da shi. Da yawa daga cikin 'yan Indunusiyan nan Musulmi ne, kuma idan tafiyar ta faɗo a watan azumi za ki ga mai azumi yana ɗauke da tire tun safe. Ki yi masa sallama, ki kira shi da sunansa, ki hana yara watsa kaya a ƙasa, ku kuma fita daga ɗakin a lokacin da yake zagayen gyara, domin ɗakunan da ke wuyansa suna da yawa.

Maman Ikilima ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Mun yanke shawarar barin kuɗin, kilishin kuma mu ci abinmu a gida. Saura tambaya ɗaya: gara mu biya tun yanzu ko mu bari sai mun shiga?

Baban Sadiku ya amsa:

Ku biya tun yanzu idan an ba ku dama, Hajiya, domin kamfanoni sukan ƙara kuɗin lokaci zuwa lokaci, kuma wanda ya riga ya biya a kan tsohon farashi yake tsayawa. Zai kuma rage muku abin da za a cire a katin banki ranar sauka. Ku adana shaidar biyan, ku duba asusunku a manhajar jirgin ko a talabijin ɗin ɗaki a kwana na biyu don ku tabbatar ba a sake ɗora shi ba. 'Yan dakon da za su karɓi akwatunanku a bakin tasha da masu yi muku jagora idan kun sauka yawo a gari ba ma'aikatan jirgi ba ne, babu abin da ke isa gare su daga wannan kuɗi, don haka nasu a hannu ake bayarwa, yuro ɗaya ko biyu a kan kowane akwati ya wadatar.