Firintar 3D na cewa babu zare alhali zare na ciki

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah masu firintar 3D ku agaza min. Tawa ta tebur ce, ina buga wa dukawa hatimin da suke danna wa fata da kuma maƙalin makulli. Yanzu ta ɗauko hali biyu. Wani lokaci tana cikin aiki sai ta tsaya ta rubuta cewa zare ya ƙare, alhali naɗin bai ko kai rabi ba. Wani lokaci kuma ba ta ce komai ba, sai in ji giyar da ke tura zare tana ƙas-ƙas, kan yana ta yawo a iska babu abin da ke fita. Zaren roba irin PLA nake sa mata, mai kaurin milimita 1.75, zafi digiri 200.

Injiniyan Arkilla: Wa alaikumus salam. Ƙanena, cuta biyu ka lissafa, kada ka haɗa su ka ba su magani ɗaya. Ta farko sansa ce, wato 'yar na'urar da ke gane ko akwai zare, ke maka ƙarya. Ta biyu zaren ne da gaske ya kasa wucewa, sansar kuma ba ta san an yi ba, domin yawancinsu abin da kawai suke dubawa shi ne akwai zare a bakinsu ko babu, ba ruwansu da ko yana tafiya. Fara da sansar. Idan manhajar Marlin ce ke tafiyar da firintar, jona ta da kwamfuta, buɗe Pronterface, manhajar da ake aika wa firinta umarni da ita, ka tura umarnin M119. Za ka ga layin filamen, wato zare, ya ce open ko TRIGGERED. Zare zaren ka sake turawa. Idan amsar ba ta canja ba, to ko sansar ta cushe ko wayarta ta saki.

Mai Gyaran Waya: Ni kafin a kai ga kwamfuta ma, ƙura ta. Wanga gari tun da hunturu yaw wuce ba abin da bai sha ƙura ba. Kwance noti biyun nan na sansar, buɗe ta, ka hure ta da bulowar hannu irin tamu ta gyaran waya, ka goge da auduga da ɗan sifirit. In mai ɗan makunni da taya ce, latsa da tsinke ka ji ko tana ƙyas. In ba ta yi ba, tanƙwaro ɗan harshen ƙarfen kaɗan, ko ka sake makunnin, akwai mai kama da shi a tsohon linzamin kwamfuta.

Malamar Zane: A duba ko guntun zare ya karye a ciki. PLA in ya daɗe a buɗe yakan yi gautsi, ya karye daidai nan, sai sabon da kake turawa ya ci karo da guntun ya ƙi shiga. Sannan Malam, yaya kake yanke bakin zaren? A yanka shi a karkace, kamar digiri 45, a miƙar da ɗan tsawon yatsa da hannu saboda lanƙwasar naɗi. Mutane da yawa da ke kukan ta ƙi karɓar zare, wannan ne kaɗai matsalarsu.

Ɗan Mabera: Hajiya a karkace nake yankewa. Amma ban taɓa buɗe sansar ba tun da na saya. Bari a idar da la'asar in gwada.

Na Runjin Sambo: Ni shawarata ka kashe sansar ka huta. Tura umarnin M412 S0, ka bi da M500 don ta riƙe. Ko ka shiga saiti a allonta ka kashe. Hatimi da maƙalin makulli ba su cin zare, ido ma ya isa ya gaya maka ko naɗi zai kai.

Injiniyan Arkilla: Don gwaji na yarda, ya kashe ya gani ko tsayuwar za ta daina. Amma ya bar ta a kashe? A'a. Ranar da zai karɓi aikin awa goma ya tafi ya kwanta, zai gane amfaninta. Abu ne da gyaransa bai wuce buroshi da sifirit ba.

Na Runjin Sambo: Injiniya ai ba kowace sansa ce ke jin gyara ba. Masu duba zare da haske kai tsaye, ka sa musu zare garai-garai mai kama da gilashi, sai su rikice.

Injiniyan Arkilla: Wannan gaskiya ne. Shi ya sa kamfanin firinta na Prusa, bayan firintarsu MK3 ta 2017 mai sansar haske, da suka fitar da MK3S a 2019 suka canja tsari: zaren ne ke ture ɗan ƙwallon ƙarfe, ƙwallon ya motsa wani hannu, hannun ya tare hasken. Launin zare ya daina shiga maganar. Amma ƙananan firintocin da suka fi yawa a hannun mutanenmu makunni ne kawai, babu wani siddabaru.

Yanzu ga ta biyun, wadda ta fi damuna. Ƙanena, da wane lokaci kake bugawa, kuma shagon naka rufin kwano ne?

Ɗan Mabera: Kwano ne yallaɓai, babu silin. Daga hantsi zuwa la'asar nake aiki saboda lokacin sola ke da ƙarfi. Na kuma yi mata akwatin katako saboda ƙura.

Injiniyan Arkilla: To ga ta nan. PLA yana fara laushi tun wajen digiri 60. Sama da nozul, bakin da narkakkiyar roba ke fita, akwai wani ƙarfe mai haƙarƙari da 'yar fanka, aikinsu su hana zafi hawa, don zare ya sauko da ƙarfinsa sai ya iso ƙasa ya narke. Fankar nan iskar ɗaki take hurawa. A Afrilun Sakkwato waje ma ya haura 40, balle ƙarƙashin kwano, balle cikin akwati da farantin da ake buga aiki a kai mai zafin digiri 60 a ƙasa. Sai zafin ya hau, zaren ya yi laushi tun a maƙogwaro, ya kumbura ya toshe. Giya ta yi ta turawa ta kasa, ta koma cin jikin zaren. Duba wajen giyar, za ka ga garin roba. Ita kanta motar turawa in ta yi zafi sosai tana ɗumama giyar, zaren ya lotse tun daga can.

Cire ƙofar akwatin da murfinsa in PLA kake bugawa. Ka tabbata fankar na juyawa da ƙarfi, ka share ƙurar da ta daskare a haƙarƙarin. Rage ja-da-bayan zare a silaisa, manhajar da ke shirya wa firinta aiki: in mai dogon tiyo ce kada ya wuce milimita 5 zuwa 6, in giyar na kan nozul ne milimita 1 ma ya isa. In batirinka zai ɗauka, mayar da dogon aiki bayan isha'i ko da asuba.

Baba na Gawon Nama: Ku yara kun manta da wuta. Duk sadda anka ɗauke wuta nozul na da zafi, fanka ta tsaya nan take, zafi ko ba ya tsayawa, hawa yakai. In an maido ka iske ta toshe. Haka in ka gama aiki kak ka kashe ta sai zafi ya sauko ƙasa da 50. Ni kan inbata nike aza tawa ko da akwai wuta.

Malamar Zane: Baba ya faɗi gaskiya. In ta riga ta toshe kuma, ga yadda nake yi. In kai zafi 210, in tura zare da hannu har ya ɗan fito, in bar shi ya sauko wajen 90, sai in fizgo shi sama da ƙarfi. Yana fitowa da siffar cikin nozul da duk dattin da ke ciki. A maimaita har bakin ya fito tas. Allurar nan siririya da ke zuwa cikin kwali ita ma tana taimako, amma da zafi ake sokawa, kuma a kula da yatsu.

Mai Gyaran Waya: Ya duba tiyon da zare ke bi ta cikinsa ma. Fari na, cikinsa milimita 2, yana sauka har ya taɓa nozul. In bakinsa ya ƙone ko yankan ya karkace, rata za ta samu, roba ta taru nan. A yanke shi daidai da reza, a tura har ƙarshe, a ɗaure nozul da zafinta. Kuma in hannun da ke matse zare na roba na, juya shi ka duba ƙasansa, yakan tsage inda ido bai gani. Na alminiyam ya fi.

Na Runjin Sambo: Ko ya koma zaren PETG don bazara. Sai wajen 80 yake laushi, ana buga shi 230 zuwa 240. Hatimin fata ma zai fi ƙarko, PLA in an bar shi cikin mota da rana lanƙwashewa yake.

Malamar Zane: Sai dai PETG ya fi shan danshi, in Agusta ta zo zai riƙa tartsatsi yana barin zare-zare a jikin aiki. A sa naɗi a bokitin fenti mai murfi da ƙunshin silika. Kuma ko wane iri ne, a ɗaura ɗan soso a jikin zaren kafin ya shiga sansa, ya riƙa share ƙurar da ta hau kansa.

Ɗan Mabera: Jama'a na buɗe sansar. Ƙura ta cika ta har tayar ba ta komawa da kanta, na wanke, yanzu M119 na canjawa. Na cire murfin akwati, na yi fizgar da Hajiya ta ce, baƙin abu ya fito. Garin roba kam fal a giya. Hannun bai tsage ba. Na sa hatimi ɗaya bayan magariba ya fita lafiya. Allah ya saka da alheri.

Injiniyan Arkilla: Madalla. Amma da dare ka gwada, ainihin jarrabawar gobe da azahar ce. Ka sa aikin da ya kai awa uku ka dawo mana da labari.

Na Runjin Sambo: Tun da ana nan, ina shirin yin odar PETG daga Legas, baƙi da fari. Mai so ya yi min magana ta gefe kafin Juma'a mu raba kuɗin mota.